Kalmomin Sanarwa da Ba da Shawara na Ingilishi a Cikin Hausa: Waiwaye Daga Minna

1.0 Gabatarwa

A yayin da muke bin diddigin yadda ake koyar da sashen fassara na manhajar Hausa ta babbar sakandare, mun zauna a wani aji a garin Minna. Malamin ya rubuta jimla irin wadda ake liƙawa a allon sanarwa, mai cewa students are advised to pay their fees before Friday. Ɗaliban da suka ɗaga hannu suka fassara ta da cewa ana ba ɗalibai shawara su biya kuɗin makaranta kafin Juma'a, malamin kuma ya karɓa. Ta fuskar ƙamus ba su yi kuskure ba. Sai dai duk wanda ya taɓa zama ɗalibi ya san wanda bai biya ba gida za a kora shi, ita kuwa shawara a Hausa ba a korar wanda ya ƙi ɗaukarta. Wannan giɓi yana da tarihi, kuma yankin Minna yana daga wuraren da tarihin ya faro.

2.0 Kafin Zuwan Turawa

Hausa ba ta kasance cikin ƙarancin kalmomin isar da saƙo ba. Idan sarki yana da magana ga talakawa akwai shela da yekuwa da gangami, akwai kuma sankira mai ɗaga murya. Tsakanin fada da fada akwai jakada da manzo, ɗauke da wasiƙa, kalmar da ta samo asali daga wathiƙa ta Larabci. Labari da bayani da shawara da nasiha duk daga Larabci suke, sun daɗe har sun zama 'yan gida. Gargaɗi da faɗakarwa da jan kunne da sanarwa kuwa na Hausa ne.

Abin lura shi ne kowace daga cikinsu tana nuna matsayin mai magana da na wanda ake yi wa. Nasiha daga malami ko babba take fitowa, domin gyaran hali. Gargaɗi yana tafe da abin da zai biyo baya. Shawara kuwa Bahaushe ya ce ɗaukar ɗaki ce, wato aikin gayya, kuma wanda aka ba yana da ikon ya ɗauka ko ya bari.

3.0 Ofis da Layin Dogo

A 1902 Gwamna Lugga ya mayar da hedikwatar mulkin Arewa daga Jebba zuwa Zungeru, arewa maso yamma da Minna, ta kuma zauna a can har aka koma Kaduna a 1917. A tsakanin waɗannan shekaru aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, a bakin Kwara, ya ratsa Minna ya isa Kano a 1911. Layin da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba da Zungeru, shi ma a Minna ya haɗu da na Baro. Ta haka ƙaramin mazaunin Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, ya zama mahaɗar jiragen ƙasa. Leburori Nufawa da Gbagyi da Hausawa, da akawuna daga Kudu, da Turawan da ke ba da umarni, duk sai da suka nemi harshen da zai haɗa su, Hausa ce kuwa ta ɗauki wannan nauyi.

Barikin soja da ofishin Di'o da kotu da tashar jirgi su ne ƙofofin da rukunin farko na kalmomin aro daga Ingilishi suka shigo ta cikinsu. Na isar da saƙo suna da yawa a ciki: masinja, tafinta, waya, tangaraho, sigina, oda, rahoto, sammaci, notis. Mafi yawansu da kunne aka ɗauke su, daga bakin Bature zuwa bakin wanda bai yi boko ba, shi ya sa suka narke. Interpreter ta yar da kanta ta zama tafinta. A report sautin p ya koma h, aka kuma ƙara wasali a ƙarshe, sai ga rahoto. Telegraph ta koma tangaraho. Waya kuwa, daga wire, ta fi kowace tsawon rai: daga zaren ƙarfen da ke bin gefen layin dogo ta koma sunan saƙon da ke bi ta cikinsa, ta ba gidan waya suna, ga ta yau a aljihun kowa.

Duk waɗannan sunaye ne. Hausa ta ari takardar da mai kawo ta da na'urar da ta bi, amma ba ta ari aikatau na advise ko inform ko notify ba. Da nata aikatau take sarrafa sunayen: a buga waya, a kai rahoto, a ba da oda, a aika sammaci.

Sa'annan ma'anar wasunsu ta tsuke daidai da yadda talaka ya gamu da su. Notice a Ingilishi tana iya zama ta biki ko ta taro. A Hausa idan aka ce an ba mutum notis, to ko maigidan haya yana son ɗakinsa, ko aiki ya ƙare. Ba mu taɓa jin an ba da notis na suna ko na ɗaurin aure ba. Rahoto ce ta yi sa'a, domin aikin jarida ya faɗaɗa ta. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, shi kuwa haifaffen Kagara ne, a cikin Jihar Neja ta yau. Sashen Hausa na BBC ya biyo baya a 1957. A hannun 'yan jarida rahoto ta tashi daga ƙarar da ake kai wa Bature ta zama labarin wakili, sanarwa kuma ta zama kalmar da ake sa wa duk saƙon hukuma.

4.0 Shawarar Razdan

Kalmar advise ita ce mai wuyar sha'ani, dalilin kuwa na siyasa ne. A tsarin mulki ta hannun sarakuna, wanda Lugga ya shimfiɗa ƙa'idojinsa a cikin takardun umarninsa ga jami'an mulki, Razdan mai ba sarki shawara ne. Umarni ga talakawa da sunan sarki da En'e yake fita. Amma kowa ya san shawarar Razdan ba a mayar da ita, kuma tarihin sarakunan da aka tuɓe ya isa shaida. Ke nan tun farko Ingilishin ofis ya shigo da advise mai fuska biyu: lafazinta na ladabi, nauyinta na doka. Tafintan da ya ce shawara ya faɗi lafazin, ya bar wa mai sauraro ya gane sauran da kansa.

Aikin gwamnati ya gaji wannan salo bayan 1960. Da aka ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 Minna ta zama babban birninta, ma'aikatu suka yawaita, takardun da ke yawo tsakanin ofisoshi suka ƙaru. A 1999 kuma aka kafa hukumar jarrabawa ta NECO da hedikwatarta a garin. Yaron Minna yana tashi ne a cikin takardun da ke cewa an advise ɗinsa, alhali umarni ake ba shi. Har ila yau akwai fuska ta uku a harshen banki da ciniki, inda advise ke nufin sanarwa kawai, babu shawara babu umarni. Inform ta fi sauƙi, domin sanar da ko shaida wa sun wadatar, in ban da inda ta zama tsegunta wa hukuma. Notify kuma sanarwa ce a hukumance, galibi a rubuce, wadda za a iya kafa hujja da ita gobe.

5.0 Abin da Ya Shafi Manhaja

Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta duba batun kalmomin aro. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace ya fito a 1990, na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu kuma a 1991. Ayyuka ne masu daraja, sai dai irinsu kalma ce a gaban kalma, darasin fassara a aji kuma ya ɗauki wannan siga. A ganinmu ga wannan rukuni jerin kalmomi ba ya isa. A Minna matsalar ta ninku, domin da yawa daga ɗaliban Gbagyi ko Nufanci ko Yarabanci ko Ibo ne harshensu na gida, Hausarsu ta kasuwa ce da unguwa. Sun san notis da oda sarai, amma bambancin nasiha da faɗakarwa da shawara sai an koya musu.

Muna ba da shawara, irin wadda ake iya bari, a riƙa kawo takardu na gaske aji: sanarwar makaranta, takardar asibiti, saƙon banki. Kafin a fassara a tambayi ɗalibi wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me zai faru idan bai bi ba. Haka kuma kada mai gyaran takarda ya rage maki don ɗalibi ya rubuta rahoto ko sammaci ko notis a muhallinsu, domin waɗannan sun daɗe da zama Hausa. Jimlar da muka gani a allo kuwa, da an bi waɗannan tambayoyi, fassararta ita ce ana sanar da ɗalibai cewa lallai ne su biya kuɗin makaranta kafin ranar Juma'a.