Gotland: Tsibirin 'Yan Viking da Dirhamin Bagadaza

Gotland shi ne tsibiri mafi girma a ƙasar Suwidin. Yana tsakiyar tekun Baltik, kimanin kilomita 90 daga gaɓar ƙasar, mazaunansa wajen 60,000, babban garinsa kuwa Visby. Ƙungiyoyin ɗalibai, musamman masu karatun tarihi da tonon kayan tarihi, kan ware hutun ƙarshen mako su je su ga abin da 'yan Viking suka bari a can. Daga tashar Nynäshamn da ke kudu da Stockholm, jirgin ruwa kan yi awa uku da ɗoriya, saboda haka wanda ya tashi da yammacin Juma'a, a Visby zai kwana. Garin ba baƙon ɗalibai ba ne, domin tun 2013 kwalejinsa ta zama reshen Jami'ar Uppsala.

'Yan Viking su ne mutanen Danmak da Norway da Suwidin da suka bazu a duniya cikin jiragen katako, wani lokaci da takobi, wani lokaci da ma'auni. Masana kan fara lissafin zamaninsu daga 793, shekarar da suka auka wa gidan ibadar Kirista na Lindisfarne a Ingila, su rufe shi a 1066. Na Danmak da Norway yamma suka fi nufa. Mutanen Gotland gabas suka dosa, suka bi kogunan ƙasashen da ake kira Rasha da Ukraine a yau.

Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo da safiyar Asabar shi ne ganuwar Visby, mai tsawon kilomita 3.4, wadda tana cikin dalilan da suka sa UNESCO ta saka garin a jerin wuraren tarihi na duniya a 1995. Sai dai ganuwar ba aikin 'yan Viking ba ce. A ƙarni na 13 aka soma gina ta, lokacin da fataken Jamus suka cika garin, kuma a gindinta ne sojojin Sarki Valdemar na Danmak suka kashe manoman tsibirin wajen 1,800 a 1361. Haka ma hular ƙarfe mai ƙaho da ake sayar wa 'yan yawon buɗe ido: ƙirƙirar masu zane da masu wasan kwaikwayo ce ta ƙarni na 19.

Gadon Viking na ainihi yana cikin Gidan Tarihin Gotland, kusa da bakin ruwa. Da shiga ake cin karo da dogayen duwatsu masu zane, waɗanda tsibirin ya yi suna da su, an kuma san fiye da 400. Da yawa daga cikin na zamanin Viking suna ɗauke da hoton jirgi mai filafilai cike da mayaƙa, sama da shi ga mahayin doki da wata mace tana miƙa masa ƙahon sha. Akwai kuma dutsen Pilgårds, wanda wasu 'yan'uwa suka kafa domin tunawa da wani nasu da ya halaka a kudu. Rubutun ya ambaci Aifur, wani magangarin ruwa mai haɗari a kogin Dnieper, sunan da Sarkin Rumawa Constantine na Bakwai ma ya kawo a littafinsa na ƙarni na 10. Wani dutsen wasa wuƙa da aka tsinta a tsakiyar tsibirin yana da sunayen mutum biyu da wurare huɗu: ƙasar Girkawa, Kudus, Iceland da Serkland, wato ƙasashen Musulmi.

Ɗakin taska ne ya fi cancantar a daɗe a cikinsa. An tono fiye da taska 700 ta zamanin Viking a wannan ɗan tsibiri, kuma babu wadda ta kai ta Spillings. An gano ta ranar 16 ga Yuli, 1999, a wata gona kusa da Slite a arewa maso gabas, lokacin da masana suka shiga gonar da na'urar gano ƙarfe tare da ma'aikatan talabijin. Azurfar ta kai kilo 67, a rami biyu, ɗaya kilo 27, ɗaya 40, sannan ga tagulla wajen kilo 20 a rami na uku. An ƙirga awarwaro 486 da sulalla 14,295, kusan dukkansu dirhami ne na ƙasashen Musulmi. Mafi tsufa na Farisa ne, na shekarar 539, kafin zuwan Musulunci. Mafi sabunta an buga shi a Hijira 257, wato 870 zuwa 871, kuma da shi ake kimanta lokacin da aka binne dukiyar a ƙarƙashin daɓen katako na wani gida.

Duk wanda ya karanta babin zakka zai fahimci girman abin: nisabin azurfa dirhami 200 ne, kimanin giram 595, wannan taska kuwa ta ninka shi fiye da sau ɗari. Ɗalibin da ya iya karanta rubutun Kufi zai ga kalmar shahada da ayar Alƙur'ani da sunan garin da aka buga sulen da shekararsa, abin da masu dukiyar ba su iya karantawa ba, ba su kuma damu da shi ba. Nauyi suke bi. Suna da ƙananan ma'aunai da ake naɗewa a sa a aljihu, suna sare sule ko awarwaro gida-gida don cika awo, suna kuma karce shi da wuƙa su tabbatar ba jabu ba ne. Sule guda a cikin tarin ya fita daban. An buga shi a daular Khazar wajen 837, an kwaikwayi dirhami, amma an ƙara cewa Musa manzon Allah ne, abin da masana ke ɗauka shaida ce ta karɓar addinin Yahudanci da sarakunan Khazar suka yi.

Yadda azurfar ta iso sananne ne. Fataken arewa, waɗanda Larabawa ke kira Rus, suna kai fatun dabbobi da zuma da kakin zuma da takubba kasuwannin kogin Volga. Suna kuma kai bayi, mafi yawansu daga ƙabilun Slav, kuma ba daidai ba ne a yi sha'awar ƙyallin taskar a manta cewa wani kaso nata kuɗin mutane ne. Ahmad ibn Fadlan, wanda ke cikin tawagar da Halifa al-Muƙtadir ya aika daga Bagadaza, ya gamu da Rus a bakin Volga a 922. Ya yaba ƙirar jikinsu, ya kushe tsabtarsu, ya kuma ce matansu kan sa abin wuya guda a madadin kowane dirhami 10,000 da miji ya mallaka. A ƙarni na 10 dirhamin Samaniyawa, daga Samarkand da Tashkent, shi ya fi yawa.

Dalilin binne dukiyar ba a koma an ɗauka ba shi ne masana ba su daidaita a kai ba. Wasu sun ce tsoron mahara ne, wasu ajiya ce ta gida, wasu sadaki, wasu kuma al'adar addini. Yadda taskokin suka warwatsu a gonaki ya nuna cewa manoma ne ke fataucin, ba fadar wani sarki ba.

Lahadi ta ƙauyuka ce. A Fröjel da Paviken, a gaɓar yamma, akwai kufan tsoffin tashoshin jirage inda aka tono duwatsun ado da matajan ƙaho da ƙusoshin jirgi. Duwatsun da aka jera kamar jirgi a Gannarve, kusa da nan, sun girmi 'yan Viking da fiye da shekara dubu. A Tofta an gina ƙauyen kwaikwayo inda baƙi ke gwada harbin kibiya da gasa burodi, abin nishaɗi ne fiye da ilimi. Masu mota kan zarce Bunge a arewa su ga duwatsun Stora Hammars, ko Burs a kudu, inda 'yan makaranta suka tsinci dirhami fiye da dubu a ramin zomo a 1975.

Daga wajen 970 dirhami ya ja baya, sulallan Jamus da Ingila suka maye gurbinsa. A ƙarni na 11 Kiristanci ya kafu a tsibirin, arzikin fatauci ya koma ginin coci, kuma 92 daga cikin waɗanda aka gina a ƙarnukan da suka biyo baya suna nan ana ibada a cikinsu. Har yau garma kan tono azurfa a Gotland. Dokar Suwidin ta hana amfani da na'urar gano ƙarfe ba tare da izini ba, ta kuma wajabta kai wa hukuma rahoton irin wannan tsintuwa, ita kuma ta biya lada. A kan taskar Spillings an biya fiye da kurona miliyan 2.