Daga Anchau Zuwa Yau: Tarihin Awon Jini A Ƙasar Zazzau

A wannan makon na ɗan jingine zancen littattafai, zan waiwayi tarihin wani abu da da yawanmu ba ma yi sai ciwo ya kwantar da mu, wato awon jini. Ni a ganina, tun zuwansa ƙasarmu aikinsa ɗaya ne: ya tono cutar da ta ɓuya tun mai ita yana kan ƙafafunsa.

A shekarun 1930 ciwon barci ya addabi arewacin ƙasar Zazzau, musamman Anchau, wadda a da take ƙarƙashin Ikara kafin a ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Kubau. Ƙudan tsando ne ke yaɗa shi a bakin rafuka. Ma'aikatan lafiya kan tara mutanen gari, su lalubi wuyan kowa. Wanda aka ji masa kaluluwa sai a zuƙi ruwanta, ko a ɗiga jininsa a kan gilashi a duba da madubin likita. Da yawa daga waɗanda aka samu da ƙwayar cutar suna noma abinsu, ba su san suna ɗauke da ita ba. Abin da awon ya nuna ne ya sa daga 1937 aka shiga sare kurmin bakin rafuka, aka tashi ƙauyuka, aka gina sabon garin Takalafiya.

A shekarun 1970 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi binciken zazzaɓin cizon sauro a Garki, da ke Jihar Jigawa a yanzu. Farfesa Alan Fleming na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da abokan aikinsa suka auna jinin dubban mutane a can. Sakamakon da suka fitar a 1979 ya nuna kusan jarirai 2 cikin 100 ana haihuwarsu da sikila, amma da wuya a ga mai ita cikin manya, domin yawancinsu kan rasu tun suna ƙanana. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuwa AS ne, lafiyarsa lau.

To yau fa? In ka je asibiti a Ikara, ko Makarfi, ko Hunƙuyi ta ƙasar Kudan, likita na iya rubuta maka awon yawan jini, da ƙwayar maleriya, da sukari, da ciwon hanta, da ƙanjamau, da lafiyar ƙoda. Mai karatu ya lura, rukunin jini (A, B, AB, O) daban, jinotayif (AA, AS, SS) daban. Na farko don ƙarin jini ne, na biyu shi ke da ruwa da aure. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Wannan na cikin dalilan da suka sa Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024.

Kakanninmu na Anchau tara su aka yi aka auna su, ba shawararsu aka nema ba. Mu kuwa zaɓi yana hannunmu. Shawarata ga samari da 'yan mata, a yi awon tun kafin soyayya ta yi nisa, kada a bari sai an kai lefe. Tun ran gini tun ran zane.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.