Launi a Gaban Alƙali: Tarihin Kare Launukan Kamfanonin Mai



Direban da ke gudu a kan babbar hanya, kafin ya iya karanta sunan gidan mai, launin rumfarsa yake fara hangowa, kuma sau da yawa a kan wannan launi yake yanke shawarar tsayawa ko wucewa. Tambayar da wannan lacca za ta bi tarihinta ita ce: shin kamfani yana iya mallakar launi, har shari'a ta hana waninsa amfani da shi?

Asalin al'amarin

A shekarar 1875 aka kafa dokar rajistar alamun ciniki a Ingila, kuma alamar farko da aka yi wa rajista, a 1876, ita ce jan zane mai kusurwa uku na kamfanin Bass. To amma abin da doka ta kare a wancan zamani shi ne siffar tambarin. Launi kuwa ana ɗaukarsa ado ne da ke biye da siffa. Dokar Nijeriya ta 1965, wadda aka gina bisa ta Ingila ta 1938, ita ma haka ta bi: ana iya ƙayyade tambari ga wasu launuka, in kuwa ba a ƙayyade ba, rajistar ta shafi kowane launi.

Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake. Sunaye da siffofi ba su da iyaka, amma launukan da ido ke iya rarrabewa daga nesa 'yan kaɗan ne. Da wani marini zai ce shuɗi nasa ne shi kaɗai, ai sai sauran su rufe karofinsu.

Kamfanonin mai kuwa sun fi kowa buƙatar launi, domin hajarsu ba ta da kamannin da mai saye zai duba. Fetur ɗin wannan famfo bai bambanta da na wancan a ido ba. Kamfanin Shell ya ɗauki hoton ɓawon wata katantanwar teku a 1904, ya fara sanya ja da rawaya a gidajen mansa na Kalifoniya wajen 1915. BP kuma ya daɗe da kore da rawaya, sa'an nan daga 1989 ya sake wa gidajen mansa fasali, kore ya mamaye rumfa da bango.

Sauyin ra'ayin kotuna

A 1995 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar kamfanin Qualitex, ta yanke cewa launi shi kaɗai yana iya zama alamar ciniki, muddin jama'a sun riga sun ɗauke shi a matsayin shaidar mai kaya, kuma ba wani aiki yake yi wa hajar ba. A 2003 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Libertel, ta ƙara sharaɗi, watau dole a fayyace ainihin launin, alal misali da lambarsa a wani sanannen jadawali irin na Pantone, domin ɗan samfurin da aka manna a takarda yana koɗewa. Koren da BP ya yi wa rajista lambarsa 348C ce.

Kore ɗaya, hukunci biyu

A Ailan ta Arewa, kamfanin John Kelly ya shafa wa gidajen mansa masu suna TOP wani kore mai kama da na BP, wanda ya riga ya yi wa nasa rajista a Birtaniya. A 2001 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Belfast ta ba BP gaskiya. Alƙalan sun lura da halin direba mai gudu, wanda launi ke jawowa kafin sunan ya bayyana gare shi.

A Ostareliya labari ya sha bamban. Kamfanin kantuna na Woolworths, wanda a lokacin yake da gidajen mai, ya ƙalubalanci rajistar. A 2004 alƙali ya goyi bayan BP, amma a 2006 cikakken zaman Kotun Tarayya ya rushe wannan hukunci, bisa hujjar cewa kafin a nemi rajistar, koren yana tafe ne tare da rawaya da tambarin kamfanin, ba a nuna ya tsaya da ƙafarsa a matsayin alama ba. A 2014 ofishin rajistar ƙasar ya sake ƙin wata buƙatar BP a kan wannan kore.

Ga kamfani ɗaya da launi ɗaya, amma hukunci ya zama biyu. Abin da ya bambanta su shi ne shaidar da aka kawo game da yadda aka yi amfani da launin, da abin da mutanen kowace ƙasa suka fahimta da shi.

Kammalawa

Darasin wannan tarihi shi ne, riga wani shafa fenti ba ya ba kamfani mallakar launi, haka nan yawan kuɗin talla. Abin da shari'a ke karewa shi ne alaƙar da ta ƙullu a zukatan masu saye tsakanin launi da mai kaya, a kan haja ƙayyadadda, a ƙasa ƙayyadadda. Inda ba a tabbatar da wannan alaƙa ba, launin na kowa ne.

Saboda haka, wanda a cikinku aiki ya kai shi teburin rajista ko kujerar shari'a, ya sani amana biyu ce a hannunsa. In ya yi sakaci, an yaudari direban da ya shiga gidan man da bai nufa ba. In kuma ya yi saurin sa hannu, ya ƙwace wa ƙananan 'yan kasuwa launin da babu wanda ya ƙirƙire shi a cikinmu.