Aikin lauya ta intanet: yadda yake gudana da iyakokin da doka ta gindaya masa

Ofishin lauya na intanet shi ne wanda lauya ke gudanar da aikinsa ba tare da ya kama ginin da jama'a za su riƙa zuwa su same shi ba. Mai neman shawara yana shiga wani keɓaɓɓen shafi da lambar sirrinsa, ya aika takardunsa, ya gana da lauyan ta bidiyo, ya sa hannu a yarjejeniya, ya kuma biya kuɗin aiki, duk daga inda yake zaune. A Amurka ne tsarin ya fi bunƙasa. Kamfanin lauyoyi na FisherBroyles, wanda aka kafa a 2002, a kan wannan tsari ya ginu, har ya shiga jerin kamfanonin lauyoyi 200 mafiya samun kuɗi a ƙasar. Annobar korona ce ta mayar da abin da tsiraru ke yi ya zama ruwan dare.

Amfaninsa a fili yake: babu kuɗin haya, kuma lauya na iya karɓar aiki daga garin da bai taɓa zuwa ba. Wahalar tana wajen lasisi, domin izinin aikin lauya a ɗaure yake da wuri.

A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata lasisin, kuma yin aikin lauya a jihar da mutum ba shi da lasisinta laifi ne. Muddin lauya yana da ofis, sanin inda yake aiki ba ya wuya. Da ofis ya koma cikin kwamfuta sai tambayar ta rikice: wanda ke zaune a jiha guda, yana ba mutumin wata jiha shawara, a kan dokar jiha ta uku, a ina za a ce yana aiki?

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a nan ita ce ta kamfanin Birbrower, wadda Kotun Ƙolin Jihar Kalifoniya ta yanke a 1998. Lauyoyin kamfanin na New York ne, sun yi wa wani kamfani na Kalifoniya aiki alhali ba su da lasisin jihar. Da rigima ta ɓarke tsakaninsu suka nemi a biya su fiye da dala miliyan 1, sai kotu ta ce ba su da haƙƙin karɓar ladan aikin da suka yi a Kalifoniya. Abin da ya fi tayar wa lauyoyi hankali shi ne bayanin da kotun ta ƙara, cewa mutum na iya zama ya yi aikin lauya a jihar ko da bai taka ƙasarta ba, ta hanyar tarho ko kwamfuta. Hukuncin na cikin dalilan da suka sa Ƙungiyar Lauyoyin Amurka ta gyara ƙa'idarta mai lamba 5.5 a 2002, ta ba da damar yin aikin wucin gadi a wata jiha bisa wasu sharuɗɗa.

Gyaran bai kashe maganar ba. A 2016 Kotun Ƙolin Jihar Minesota ta tabbatar da gargaɗin da aka yi wa wani lauyan Kolorado, wanda ya yi musayar saƙonnin imel da wani lauyan Minesota a kan ɗan bashin da ake bin surukansa. Bai je jihar ba, bai tsaya a gaban kotu ba, amma aka ce saƙonnin kaɗai sun isa su zama aikin lauya a Minesota. Wasu daga cikin alƙalan ba su yarda da hukuncin ba, kuma da wuya mai karatu ya ga laifinsu. Daga baya jihar ta sassauta ƙa'idar ga wanda ke taimakon danginsa.

Sauƙi ya zo a watan Disambar 2020, lokacin da ƙungiyar ta fitar da matsayarta mai lamba 495. Ta ce lauya na iya zama a jihar da ba shi da lasisinta ya ci gaba da aikin dokar jihar da ta ba shi lasisi, matuƙar jihar da yake zaune ba ta hana ba, kuma bai nuna wa jama'a cewa shi lauyan wurin ne ba. Kada adireshin garin ya bayyana a shafinsa, ko a kan takardar wasiƙarsa, ko a katinsa na aiki. A 2021 Kotun Ƙolin Filorida ta amince da irin wannan fahimta game da wani lauyan New Jersey da ke aiki daga gidansa a Filorida. Sai dai matsayar ƙungiyar shawara ce kawai, kowace jiha ce ke da ta cewa a kan nata. New York ma ta daɗe da dokar da ta wajabta wa lauyanta da ke zaune a wajen jihar ya mallaki ofis na zahiri a cikinta, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da ita a 2016.

Saboda haka kamfanonin da ke aiki a jihohi da yawa sukan tara lauyoyi masu lasisin wurare daban-daban, kowane aiki a miƙa shi ga mai izininsa, ko a haɗa gwiwa da lauyan gari. Tambayar farko da ake yi wa mai neman taimako ita ce inda yake zaune da inda matsalarsa ta faru.

Bayan lasisi sai sirri. Matsaya mai lamba 498, ta watan Maris na 2021, ta jaddada cewa rashin ofis bai sauke wa lauya nauyin kare sirrin wanda yake wa aiki ba. Ta kai ga ambatar na'urorin gida masu sauraron murya, ta ce a kashe sauraronsu yayin tattauna aiki. Kuɗin amanar jama'a kuma dole a ajiye su a asusu na dabam bisa ƙa'idar jihar da abin ya shafa. Idan aikin ya ƙetara zuwa Turai, akwai dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018.

Ba kowace ƙasa ce ke da wannan sarƙaƙiya ba. A Ingila dokar 2007 ta keɓe ayyuka 6 ne ga masu izini, irin su tsayawa a gaban kotu da gudanar da ƙara, ba da shawara zalla ba ya cikinsu.

A Najeriya lasisin guda ne. Wanda aka rantsar a matsayin lauya, aka shigar da sunansa a rajistar Kotun Ƙoli, yana iya aiki a jihohi 36 da Abuja, don haka lauyan Kano ba ya buƙatar sabon izini kafin ya karɓi aikin Legas. Abin da zai kula da shi bambancin dokoki ne, domin kundin hukunta laifuka na Arewa dabam yake da na Kudu, ga kuma kotunan Shari'ar Musulunci da dokokin filaye na kowace jiha. A watan Yulin 2020 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman kotu ta bidiyo bai saɓa wa tsarin mulki ba, a 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a.

Iyakar ƙasa ce ke nan daram. Ɗan Najeriya da ke zaune a Landan ko Jidda na iya ɗaukar lauyan gida ta waya ya bi masa maganar gado ko fili a Zariya. Amma lasisin wannan lauya bai ba shi ikon tsaya masa a kotun ƙasar da yake zaune ba, kamar yadda lauyan waje ba zai tsaya a kotun Najeriya ba sai da izini na musamman daga Alƙalin Alƙalan ƙasa, a kan wata shari'a takamaimiya.