Yadda Sandar Tuƙin Jirgi da Totur Suka Shigo Ɗaki

Jirgin da 'yan'uwan nan biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tayar a Kitty Hawk ranar 17 ga Disamba, 1903, ba shi da sandar tuƙi irin wadda aka sani yau. Rub da ciki matuƙi yake kwanciya, ƙugunsa cikin wani ɗan makari. In ya goce dama ko hagu, wayoyi su murɗe bakin fikafikai, jirgi ya karkata. Hannunsa na hagu yana riƙe da wani ɗan liba na ɗaga hancin jirgi da sauke shi. Injin kuwa ba shi da totur sam. In ya tashi, ya tashi ke nan, sai dai a datse masa mai.

Faransawa ne suka gyara wannan tsari. A 1907 Robert Esnault-Pelterie ya yi rajistar dabarar sanda guda da ke tsaye gaban matuƙi: a tura ta gaba hanci ya sunkuya, a jawo ta ya ɗaga, a kai ta gefe jirgi ya kishingiɗa. Da Louis Blériot ya ƙetare mashigin teku tsakanin Faransa da Ingila a 1909, sanda ce a hannunsa, ƙafafunsa kuma na juya wutsiyar jirgi. Rabon aikin da aka yi a lokacin shi ne har gobe: hannu ɗaya a sanda, ɗaya a totur, ƙafafu a fedal. Duk wanda ya tsaya yau yana ruwan ido gaban kayan tuƙin jirgi na kwamfuta, wannan rabon yake neman dawo da shi kan teburinsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Tuƙin jirgi a ƙasa, ba tare da an tashi ba, Edwin Link ne ya mayar da shi sana'a. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska a Binghamton ta jihar New York, a can yaron ya naƙalci zuga-zugi da famfon iska. A 1929 ya haɗa wani ɗan akwati mai siffar jirgi, zaune kan zuga-zugai. In ka motsa sanda, iska ta shiga wannan ta fita daga wancan, akwati ya karkata da kai. Da farko wuraren wasa ne suka fi sayensa. Sai a 1934, da aka ɗora wa sojan saman Amurka jigilar wasiƙu, matuƙa suka yi ta mutuwa cikin hazo da duhu saboda ba su saba tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba. Soja suka sayi akwati shida. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 10,000. Abin da Link ya gane tun farko, kuma shi ne ginshiƙin wannan harka duka, shi ne hannu yana da nasa karatun, kuma ba ya koyo sai an ba shi abin riƙewa mai amsa masa daidai.

Da kwamfuta ta shigo gidaje, hannun ne aka fara bari a baya. Bruce Artwick da kamfaninsa subLOGIC sun fitar da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi don Apple II a wajajen 1980, sannan Microsoft ya karɓi lasisinta ya fitar da Flight Simulator don kwamfutar IBM a 1982. Mutane da yawa da maɓallan rubutu suke tuƙi, a danna sau ɗaya hanci ya ɗan ɗaga, a ƙara dannawa ya ƙara. Shahararriyar sandar zamanin, ta na'urar wasan Atari 2600 da ta fito a 1977, ba ta san kaɗan ko da yawa ba. Makunnai huɗu ne a ƙarƙashinta, ko ka tura ko ba ka tura ba. Wannan ya isa a kori dodo a wasan yara, amma ba a sauke jirgi da shi, domin saukar jirgi ɗan jan da bai kai faɗin yatsa ba ne ake yi a daidai lokacinsa.

IBM ne ya buɗe ƙofa a 1981 da wata kafa mai ramuka 15 a bayan kwamfuta. A nan ya kamata a ɗan dakata, don wannan kafa ta yi mulkin harkar kusan shekara ashirin. A cikin sanda akwai ɗan abin nan da ke bayan mamurɗin sautin rediyo, wanda wani siririn ƙarfe ke gogar zoben gawayi yana rage wuta ko ƙara ta. Kwamfuta ba ta karanta inda sanda take kai tsaye. Sai ta saki wuta, ta tsaya tana ƙidaya lokacin da wani ɗan ma'ajin wuta zai ɗauka kafin ya cika. In ya daɗe, sanda na can gefe, in ya cika da wuri tana wannan gefen. Ƙidayar tana canzawa da saurin kwamfuta, tana canzawa da zafi, tana canzawa in zoben ya soma cinyewa ko ƙura ta shige shi. Shi ya sa tsofaffin 'yan wannan harka ba sa mantawa da al'adar farko kafin tashi: kai sanda kusurwar sama ta hagu ka danna, kai ta kusurwar ƙasa ta dama ka danna, dawo da ita tsakiya. Bayan rabin awa jirgi ya soma janyewa gefe shi kaɗai, a sake sabon lale.

Kafar kuma motsi huɗu kaɗai take ɗauka, da maɓalli huɗu. Sanda ta cinye motsi biyu, totur ɗaya, fedal ɗaya, shi ke nan an rufe. Da katin sauti na Sound Blaster ya zo da wannan kafa a jikinsa a 1989, sai ta shiga kusan kowane gida mai kwamfutar wasa, da amfaninta da ƙuncinta.

Ƙuncin ya fi damun masu son jiragen yaƙi. A ainihin jiragen, tun shekarun 1970 aka daidaita kan tsarin da ake kira HOTAS, wato duk abin da matuƙi zai buƙata cikin artabu, radar ne ko makami ko rediyo, a sa maɓallinsa kan sanda ko kan totur, kada ya ɗauke hannu ko ido. F-16, wanda ya fara tashi a 1974, shi ya yi fice da wannan. Da manhajoji irin su Falcon 3.0 na 1991 suka soma kwaikwayon irin waɗannan jirage dalla-dalla, maɓalli huɗu ya zama abin dariya. Thrustmaster, wanda aka kafa a jihar Oregon a 1990, ya fitar da sanda mai siffar mariƙin jirgin F-4 Phantom, da ɗan maɓalli a ka wanda babban yatsa ke turawa ɓangare huɗu don waige-waige. Da yake babu gurbinsa a kafar, sai suka ari layin motsi guda suka ɗora shi a kai. Totur ɗinsu kuwa ta kafar allon rubutu suka bi da maɓallansa, kwamfuta na zaton haruffa ake bugawa. Kamfanin CH Products na Kalifoniya ya bi wata dabarar, ta haɗa maɓallai biyu ko uku su zama umarni guda. Dabarun ba sa jituwa, don haka kowace manhaja sai ta tambaye ka irin sandar da ka saka.

Microsoft ya kawo nasa sababbin dabarun. SideWinder 3D Pro ta 1995 ta bar zoben gawayi ta koma auna motsi da haske, sannan ta yaɗa dabarar murɗa sanda a madadin fedal. Murɗawar ta taimaki wanda ba shi da kuɗin fedal ko wurin ajiye shi, amma ina ganin ta koya wa mutane da yawa mugun hannu, domin da wuya ka ja sanda baya lokacin sauka ba tare da ka ɗan murɗe ta ba da gangan ba. A 1997 suka sa wa sanda ƙananan injinan lantarki, ta riƙa turo hannunka, tana nauyi in jirgi ya yi gudu, tana saki in ya rage, tana karkarwa in fiffike ya kusa rasa iska. Wannan shi ne abu mafi kusa da gaskiya da aka taɓa kaiwa a lokacin, kuma bai daɗe ba. Kamfanin Immersion ya kai Microsoft da Sony kotu a 2002 kan haƙƙin fasahar, kasuwar ma ta ja baya, Microsoft ya daina ƙera sandar. Shekaru bayan haka mutane na farautar tsohuwar sandar mai turo hannu, Force Feedback 2, a kasuwar gwanjo.

Kafar USB, wadda ta kankama da Windows 98, ta kashe matsalar maɓalli huɗu da ta ƙidayar lokaci baki ɗaya. Amma ta zo daidai lokacin da 'yan wasa ke komawa wasu wasannin. A farkon 2009 Microsoft ya rufe sashen da ke yin Flight Simulator. 'Yan tsirarun da suka rage su ne masu naci, kuma don su aka yi HOTAS Warthog a 2010, kwafin sanda da totur na jirgin A-10C, na ƙarfe, mai auna motsi da maganaɗisu. Tunda a wajen aunawar babu abin da ke gogar wani, babu abin cinyewa a nan. Ƙananan kamfanoni irin su VKB da Virpil suka mayar da hankali kan abin da ke ƙarƙashin sanda, wato gwiwar da take juyawa a kai, don kada ta riƙa cijewa a tsakiya. A ganina nan ne kuɗin mutum ya fi cancanta ya tafi. Maɓalli talatin ba su sauke jirgi, laushin tsakiyar sanda ne ke saukewa.

Wasannin sararin samaniya irin su Elite Dangerous na 2014 suka farfaɗo da ciniki, Logitech ya sayi Saitek a 2016, sannan ranar 18 ga Agusta, 2020, sabon Flight Simulator da kamfanin Asobo na birnin Bordeaux ya gina ya fito, ana tsakiyar zaman gida na korona. Sanduna suka yi ƙamfa a shaguna wata da watanni. Sababbin shigan nan jiragen fasinja da ƙananan jiragen koyo suka fi so, sai tsohon saɓanin masu ƙera jirage ya biyo su har ɗaki. Airbus tun A320, da ya fara tashi a 1987, ɗan guntun sanda yake sa wa a gefen kujera, totur ɗinsa kuma yana da matsayai da liba ke faɗawa ciki ya tsaya. Boeing ya riƙe sitiyari mai kaho biyu da ake turawa a jawo. Cessna 172, jirgin da ɗalibai da yawa ke fara koyo da shi, sitiyari ne shi ma, totur ɗinsa baƙin ƙulli ne da ake turawa cikin allo, kusa da jan ƙulli na daidaita mai da iska. Kowanne yanzu yana da kwafinsa a kasuwa, shi ya sa tsohon hannu ba ya tambayar sabon shiga nawa ya tanada sai ya fara tambayarsa wane jirgi yake son tuƙawa. Mai jirgi mai saukar ungulu ma nasa daban ne, sanda yake so doguwa wadda ba ta da sifirin mai mayar da ita tsakiya, kuma fedal a wurinsa dole ne.

Nauyin iska a hannu, wanda aka yar a farkon shekarun 2000, ya soma dawowa. Tsofaffin takardun haƙƙin mallaka sun ƙare, injinan lantarki sun yi araha saboda kasuwar sitiyarin tseren mota na kwamfuta, kuma a 2024 kamfanin Moza, wanda daga can ya fito, ya fitar da gindin sandar jirgi mai turo hannu. Har yanzu da tsada, yana buƙatar wutarsa ta daban, kuma sai an ɗaure shi da ƙusoshi a teburi ko kujera mai ƙarfi, in ba haka ba ya ja teburin ya bar hannun.