Gyaɗa, Fari da Shingen Itatuwa a Ƙasar Gumel

Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, ya kuma buɗe wa ƙasar Gumel kasuwar gyaɗa. Manoma suka shiga sassabe daji, gonaki suka daina samun hutu. Da farin 1972 zuwa 1974 ya zo, sai ya tarar da ƙasa a tsiraice. Dabbobi suka mutu, iska ta riƙa kwasar rairayi tana binne shukar gero tun tana 'yar ƙarama.

Gwamnati ta amsa da shingen itatuwa. A ƙarshen shekarun 1980, da rancen Bankin Duniya, an dasa dogayen layukan darbejiya da turare a arewacin tsohuwar Jihar Kano domin karya ƙarfin iska. Sun yi amfani, sai dai dukansu baƙi ne, darbejiya daga Indiya, turare daga Ostireliya.

Manomin Maigatari ko Sule Tankarkar ya fi sanin darajar gawo. Da damina yake zubar da ganye, ya ba gona taki ba tare da ya yi wa gero inuwa ba, da rani kuma awaki su yi ta cin 'ya'yansa. Irin wannan barin itatuwan gida a gona ya samu karɓuwa a Maraɗi ma, inda tun 1983 manoma suka rungumi sassabin zamani: a bar kututture ya tofo, a rage rassan, a ƙyale masu ƙarfi su girma.

A 2015 Najeriya ta kafa hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa, kuma Jigawa, inda Gumel take, na cikin jihohi 11 da aikin ya shafa.