Sirrin Mara Lafiya a Wurin Likita: Hukuncinsa da Iyakarsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Mene ne sirrin mara lafiya?

Shi ne duk abin da likita ko nas ko ungozoma ko mai gwajin jini ya sani game da mara lafiya ta dalilin aikinsa: abin da mara lafiyan ya faɗa da bakinsa, da abin da aka gani a jikinsa, da sakamakon gwaji. Ko bai ce a rufa masa asiri ba, yanayin zaman ya isa sharaɗi, domin mutum kan gaya wa likita abin da yake ɓoye wa mahaifinsa.

Asalin hukunci

Asali shi ne rufewa, domin sirri amana ce, kuma Allah Ya hana cin amana a aya ta 27 ta Suratul Anfal. Akwai kuma maslaha a fili: idan jama'a suka san likita yana yaɗa labarinsu, mai tarin fuka da mai cutar sanyi za su zauna a gida har ciwon ya ci su, ya kuma kama iyalinsu. Saboda haka haramun ne ma'aikacin asibiti ya mai da ciwon wani abin hira a majalisa, ko ya tura hotonsa a WhatsApp. Mutuwar mara lafiya ma ba ta sauke wannan amanar.

Inda ake buɗe sirri

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yi zama a kan mas'alar a Brunei a shekarar 1993 (1414 Hijira), ta fitar da ƙuduri mai lamba 79. Ta tabbatar da wajibcin rufewa, sannan ta togace wuraren da cutarwar ɓoyewa ta fi ta faɗa. Muna iya taƙaita su kamar haka:

1. Izinin mai sirrin. Idan ya yarda a sanar da matarsa ko ɗansa, babu laifi, amma a tsaya iyakar abin da ya yarda.

2. Kare jama'a daga annoba. Kwalara da sanƙarau da Ebola dole ne a kai rahotonsu ga hukumar lafiya, ko mai ciwon bai so ba, domin ana jure cutarwar mutum ɗaya don tunkuɗe ta gari.

3. Kare wani mutum sananne. Misali magidancin da aka samu da ƙanjamau, ya ƙi gaya wa matarsa, ya kuma ƙi ɗaukar matakin kare ta. Haka direban motar haya mai farfaɗiya da ya ƙi barin tuƙi.

4. Umarnin alƙali, da kai rahoton yaron da aka ga alamun zalunci a jikinsa.

Dokokin zamani ma sun iso nan. A Kaliforniya ta Amurka, wani ɗalibi ya gaya wa mai duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa cewa zai kashe wata yarinya, Tatiana Tarasoff. An sanar da 'yan sandan jami'a, amma ba a gargaɗi yarinyar ko iyayenta ba, ya kuwa kashe ta a 1969. A 1976 babbar kotun jihar ta yanke cewa wajibi ne mai magani ya ɗauki matakin kare wanda ake yi wa barazana.

Sharuɗɗan buɗewa

Malaman fiƙihu sun ce lalura ana auna ta gwargwadonta. Don haka sai cutarwar ta kasance babba kuma tabbatacciya, zato bai isa ba. Likita ya fara da yi wa mara lafiya nasiha, ya ba shi lokaci ya faɗa da kansa. Idan ya ƙi, ya sanar da shi cewa zai faɗa. Sannan ya gaya wa wanda abin ya shafa kaɗai, gwargwadon buƙata. Matar mai ƙanjamau tana da haƙƙin sanin ciwon, amma maƙwabta da abokan kasuwa ba su da rabo a ciki.

Gwajin kafin aure

Nan ne muka fi samun tambaya. Malamanmu na Malikiyya sun ba miji ko mata zaɓin raba aure saboda aibobi irin su hauka da kuturta da albaras idan an ɓoye su, wanda ke nuna cewa ɓoye ciwo mai cutarwa ga abokin zama yaudara ce. A Sahihu Muslim kuma, da Fatima bint Ƙais ta nemi shawara a kan masu neman aurenta, Annabi (SAW) ya faɗa mata aibin kowanne a taƙaice, bai wuce abin da take buƙata ba.

Saboda haka muke ganin sakamakon gwajin ƙanjamau ko sikila haƙƙin masu neman auren ne su biyu. Limamin da aka kawo wa takarda shi ma ya shiga cikin masu riƙon amana. Idan sakamakon ya sa aka fasa, ya isa a ce Allah bai ƙaddara ba. Mun san yadda kalma ɗaya a bakin masallaci take hana yarinya aure har tsufanta.

Likitan da ya shiga ruɗani ya koma ga dokar aikinsa ta ƙasarsa, ya kuma shawarci manyansa da malamai ba tare da ambaton sunan mara lafiya ba.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.